Mai Gurnani

Watan Maris, kuma tun Talata aka ɗauke wuta.
Kwanon ɗakinmu na Kakuri ya zama tanda.
Baba na zaune a dokin ƙofa da singileti,
yana fifita da kwalin maganin hawan jini.
Na ce, ranar da aka biya mu zan sayo maka iska.

Na sauka daga keke a bakin Kasuwar Barci,
kwalta ta yi laushi har tana riƙe takalmi.
Shagon Nafi'u na bayan 'yan gwanjo,
ya jera su a tebur kamar ɗalibaina da safe,
kowace ta sunkuyar da kai, tana jiran a ɗauka.

Ya ce, Malama Ladidi, ga ta hannu,
in za ki hau jirgi a Rigasa sai ki jefa ta a jaka.
Ga ta wuya, a rataya kamar carbi.
Ga mai tocila, ga mai cajin waya,
ga mai fesa ruwa, sai ki ce yayyafi ne a fuska.

Na ce, batirin fa?
Ya ce, awa goma.
Na dube shi.
Ya ce, to, shida.
Ban ɗauke ido ba. Ya yi dariya: huɗu, in ba a ƙure ta ba.
Na ce, ba a cinikin biri a sama, kunna mini duka.

Wata fara ta fi su kyau.
Tana juyawa, ba ka jin komai,
sai dai gefen mayafina da ya fara rawa.
Ya ce, wannan ko jinjiri ba ta tashi.
Dubu ashirin da takwas. Na fara ƙirga,
na kai goma sha tara, hannuna ya tsaya haka.

Can ƙasan tebur akwai wata shuɗiya,
an ɗaure ƙafarta da salatif.
Ya ce, rabu da ita, sau biyu ana dawo mini da ita,
ƙara gare ta kamar injin markaɗe.
Na ce, danna.
Ta yi tari, ta kama gurnani, teburin ya ɗauki ɓari,
ni kuwa sai ga ni ina 'yar shekara bakwai,
riƙe da kwanon tuwo a ƙofar masaƙa.

Shekara ashirin da shida yana aikin dare.
Yakan dawo da auduga a gira,
yana mana magana da ƙarfi kamar muna ƙetaren kogi.
Yanzu ciyawa ta fi mutum tsawo a harabar,
kwaɗon ƙofar ya yi tsatsa.
Kuma na sani, ba zafi kaɗai ke hana shi barci ba.
Duk daren da fankar sama ta tsaya
yakan tashi zaune ya ce, wa ya kashe inji?
Shirun ne ba ya iya shaƙa.

Nafi'u ya ce, Malama, kar ki dawo da ita na uku.
Dubu goma sha ɗaya, har da igiyar caji.
Na biya ɗari biyu wurin mai janareta a kwanarmu,
na zauna har jar fitilarta ta koma kore,
sannan na shigar da ita ɗaka.

Baba ya ɗora tafinsa a bayanta,
ya karkata kai ta ɓangaren kunnen da ke ji.
Ya ce, akwai ƙusar da ta saki a ciki.
Ya ce, kar a taɓa.
Kafin na kwashe kwanuka
munsharinsa da gurnaninta sun haɗa baki.

Wajen ƙarfe biyu batirin ya ƙare.
Na ji shirun ya faɗo gidan, na riƙe numfashi.
Ta bayan labule na ji ya ce,
an tashi aiki,
ya juya, ya ci gaba da barci.

Ni ce na kwana ido biyu, jiƙe da gumi,
ina fifita da kwalin fanka.